Zunubi ba a gadonsa, to bashi fa?

Ran 13 ga Fabrairun 2008 firaministan Ostireliya, Kevin Rudd, ya miƙe a majalisar tarayya da ke Kanbera ya nemi gafarar 'yan asalin ƙasar, wato Aborijin da mutanen tsibiran Torres. Daga wajajen 1910 zuwa 1970 hukumomi sun riƙa raba yara da iyayensu, musamman waɗanda ke da jinin Bature a jika, ana kai su gidajen mishan da na marayu alhali iyayensu na raye, don su tashi da ɗabi'un Turawa su manta da harshensu. Rahoton binciken da aka fitar a 1997 ya ƙiyasta cewa cikin yara goma an ɗauke aƙalla ɗaya, mai yiwuwa ma ɗaya cikin uku. Wasu sun girma sun nemo gida, suka tarar da kabarin uwa.

Wanda Rudd ya gada, John Howard, shekara goma sha ɗaya ya yi kan mulki bai furta kalmar tuba ba. Takaici dai ya yarda ya nuna, amma ya ce ba adalci ba ne a ɗora wa mutanen yau laifin da ba su aikata ba. A wani taron sulhu a Melbon a 1997, yana cikin jawabi wasu mahalarta suka miƙe suka juya masa ƙeya.

Ni ban ɗauki maganarsa shirme ba. Musulmi ya san ran gobe kowa kayansa zai ɗauka, ba a kama ɗa da zunubin uba. In tuba na mai laifi ne, da wane baki wanda aka haifa a 1980 zai tuba kan abin da aka yi a 1930?

Sai dai ku duba 25 ga Afrilu. Duk shekara mutanen Ostireliya kan fito tun da asuba, cikin sanyi, su tsaya tsit gaban allunan sunayen sojojin da suka sauka Galifoli ta Turkiyya a 1915. Babu ko ɗaya cikin masu tsayuwar da ya ga wannan yaƙi, amma "mu" suke cewa: mun yi jarunta, mun jure. Howard kansa yana sahun gaba wajen ɗaukaka ranar. To idan "mu" ta isa ta kai ka bakin tekun Turkiyya, ta yaya za ta kasa kai ka ƙofar bukkar da aka fizge yaro daga hannun uwarsa?

A nan fiƙihun gado ya fi jawabin 'yan siyasa warware mini zare. Mutum ya rasu, ba wanda zai ce 'ya'yansa su amsa zunubinsa. Amma kafin alƙali ya raba ko allura, sai an cire bashi. Kuma gonar da uba ya ƙwace ba ta halatta don kawai ta faɗo hannun magaji. Magajin bai yi laifi ba, amma abin mutane na hannunsa.

Kotun ƙolin Ostireliya ta taɓo wannan a Yunin 1992, a shari'ar Eddie Mabo na tsibirin Mer, inda ta rushe da'awar cewa ƙasar ba ta da masu ita lokacin da Arthur Phillip ya sauke fursunonin Ingila a Sidni a 1788. Mabo bai ga hukuncin ba, ya rasu a Janairun shekarar.

Akwai masu cewa, mu fa? Fiye da rubu'in mutanen ƙasar a waje aka haife su: Indiya, Sin, Biyetnam, Labanan, Sudan. Kakanninsu ba su ƙwaci ƙasar kowa ba, hasali ma dokar 1901 da ta keɓe ƙasar ga farar fata irinsu ta hana shiga. Gaskiya ne. Amma wanda ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa ya shiga cikin magada, da asibitinta da ma'adinanta da abin da ake bin ta.

Shi ya sa Rudd ma bai gamsar da ni ba. Ya nemi gafara, ya kuma ce gwamnatinsa ba za ta biya diyya ba. Sai a 2021 gwamnatin tarayya ta sanar da dala 75,000 ga kowane wanda ya rage a raye cikin yaran da aka ɗauke daga yankunan da take mulka kai tsaye a wancan lokacin, bayan da yawa sun kwanta dama. A Oktoban 2023 aka yi ƙuri'ar raba gardama kan kafa majalisar shawara ta 'yan asalin ƙasa a tsarin mulki, kusan kashi 60 cikin ɗari suka ce a'a. 'Yan asalin ƙasar, waɗanda ba su kai kashi 4 cikin ɗari na al'umma ba, su ne kusan sulusin fursunonin ƙasar. Howard ya yi daidai kan zunubi, amma bashin nan har yau ba a gama biyansa ba.