HALI ZANEN DUTSE NE?

Ya ku 'yan makaranta, kun sha jin manya suna cewa hali zanen dutse ne, ba mai kankare shi. Mu ma a kan haka muka tashi. Amma akwai abin da kan auku bisa hanyar Samaru zuwa Sabon Gari wanda ya sa muka sake auna wannan magana. Saurayi mai ladabi ya hau babur ba hular kwano, ya faɗi, kansa ya bugi kwalta. A kai shi asibitin koyarwa na Shika, ya yi jinya, rauni ya warke. Sai ga shi ya komo gida da saurin fushi da ashar, abin da ba a san shi da shi ba. To, ina halinsa na dā ya tafi? Wa kuma ke da alhakin sabon?

Mu Hausawa zuciya mu ke ɗora wa kome. Mu kan ce zuciyar wane ta ɓaci, ko wane ya haɗiye zuciya. Aristo, babban malamin Yunanawa, shi ma haka ya zata. Jalinusu likita ya ce a'a, ƙwaƙwalwa ce sarauniya, kuma binciken likitoci ya gaskata shi.

Ita ƙwaƙwalwa nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, taushinta kamar awara, amma tana cin wajen kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci. An raba mata aiki kamar unguwannin gari. Wajen ƙeya ke karɓar abin da ido ya gani. Ƙarƙashinsa akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa mai daidaita tafiya. Gindinta, inda ta haɗu da lakar baya, ke tsare numfashi. Sashen hagu ke mulkin jikin dama, na dama ke mulkin hagu. A 1861 wani likitan Faransa, Broka, ya nuna akwai wani gurbi a sashen hagu wanda in ya lalace mutum ya kan kasa furta magana, ko da ya ke yana fahimtar abin da a ke ce masa. Bayan goshi kuwa nan linzamin mutum ya ke, watau abin da ke ce masa dakata, ka duba ƙarshen abin nan.

Ga shaida. A 1848, a Amurka, wani shugaban leburorin reluwe, Finiyas Gej, yana danna albarushi cikin dutse, sai ya tashi. Sandan ƙarfe mai nauyin kilo 6 ya shiga ta kumatunsa na hagu ya fita ta tsakar ka. Bai mutu ba. Amma likitansa ya rubuta cewa mutumin nan mai natsuwa ya zama mai zage-zage, marar haƙuri, har abokansa suka ce ba shi ba ne. Duk da haka daga baya ya riƙe aikin tuƙa keken dawaki shekaru a ƙasar Chile, aikin da sai mai hankali, kafin ya rasu a 1860.

To, me za mu ce? Wani ya ce, in hali tsoka ne, ai ba mai laifi ke nan, kowa ya ce ƙwaƙwalwarsa ce ta sa shi. Ba mu yarda ba. Mahayin da linzaminsa ke hannu ya saki doki cikin gonar mutane, da wanda linzami ya tsinke masa, ba ɗaya su ke ba. Shari'a ma ba ta kama wanda hankalinsa ya gushe. Na farko a tsauta masa, na biyu a riƙe masa doki har a ɗinke linzami. Labarin Gej ya nuna a kan ɗinke, in an samu aiki da masu haƙuri.

Saboda haka hakki biyu ke wuyanmu. Na fari, mu tsare kai. A 2009, da aka tilasta sa hular kwano, an ga waɗansu 'yan acaɓa a Kano sun kifa ƙwarya a ka don su ruɗi ma'aikata. Ma'aikaci ya ruɗu, kwalta ba ta ruɗuwa. In kuwa abokinku ya bugu a ka, ko a filin ƙwallo ne, ya yi amai, ko barci ya dinga ɗaukarsa, ko jini ya fito ta kunne, a kai shi asibiti nan take. Kada ku ce ai ya tashi yana magana, gama jini ya kan taru cikin ƙoƙon kai sannu sannu, bayan sa'o'i mutum ya some.

Na biyu, kada mu yi wa mai irin wannan rauni dariya, ko mu bi shi da suna. Hali zanen dutse ne, gaskiya, amma dutsen nan yana cikin ƙwarya mai fashewa, kuma kowannenmu irinta ya ke ɗauke da ita bisa wuya.