Siffar da Ba Ta da Hannu

A Ingila, cikin ƙarni na 19, masu sana'a sukan zuba farin filasta su fitar da siffar manyan 'yan siyasarsu, irin su Gladstone da Disraeli, mutane su saya su ajiye a ɗaki. Siffar kai ce da kafaɗu kaɗai, ba hannu. Wannan ya daɗe yana damuna, gama da hannu ne mutum yake aikata abin da za a tuna da shi.

Dubi Gladstone. Fuskarsa ta dattijo mai natsuwa ce. Amma gwamnatinsa ce ta aiki Janar Gordon zuwa Hartum a 1884, sa'an nan ta yi jinkirin kai masa ɗauki. Aka kashe Gordon ran 26 ga Janairu 1885, masu ceto suka iso bayan kwana biyu. Filasta ba ta faɗin wannan.

Hausawan Gadarif sun san zancen ta wata fuska. Waɗansunsu jikokin mahajjata ne, waɗansu kuwa kakanninsu sun baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903. Sun guje wa Turawa, suka tarar da Turawa, domin tun Satumba 1898 aka ci Gadarif, 'yan makonni bayan Kitchener ya ci Omdurman. Shi ne ya sa aka rushe kabarin Mahadi, aka zuba ƙasusuwansa cikin Nilu. Daga baya aka kafa masa mutum-mutumi na tagulla a Hartum yana bisa doki, Gordon kuma bisa raƙumi.

Mu Kirista muna saurin cewa Gordon namu ne, tun da yake mai karatun Littafi Mai Tsarki ne, ya kuma yaƙi masu fataucin bayi. Gaskiya ne. Amma shi ɗin ne ya yi shela a 1884 cewa ba zai hana kowa riƙe bayinsa ba, don ya sami goyon bayan mutanen Hartum. In mun yabi na farko muka ɓoye na biyu, ashe ba shaidar zur muka yi ba? Bawan da ya ji wannan shela, maƙwabcinmu ne shi ma.

Ban ce a farfasa siffofin ba. Mutanen Sudan ma ba su farfasa ba. A 1958, shekara biyu bayan 'yancin kai, suka sauke su, aka mayar da su Ingila. Gordon da raƙuminsa aka kai su filin wata makaranta mai sunansa kusa da garin Woking, Kitchener da dokinsa kuma Chatham.