ZUMUNTA A KAFA KO A ƘAFA?

Tambaya ce ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Su Facebook da WhatsApp ana ce musu kafafen sada zumunta, alhali iyayenmu cewa suka yi zumunta a ƙafa take. To wane ne mai gaskiya?

Ni a Funtuwa nake aure, Gwaggona da ta riƙe ni kuwa tana Malumfashi. Shekara biyu cur ban taka gidanta ba, amma ko kaɗan raina bai taɓa ba ni na yi laifi ba, don kullum da safe sai na tura mata murya ta wayar jikarta. Ita kuma amsarta ɗaya ce, "Lafiya lau 'yar nan, Allah Ya yi albarka."

Ana nan sai a watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi. Waya ta zama hoto. Da shirun ya ishe ni na roƙi maigida izini, na shiga mota, ga masara ta nuna ko'ina a bakin hanya.

Wallahi da na yi sallama na daga labule sai da gabana ya faɗi. Gwaggo ta rame, ƙafafunta sun kumbura, wata da watanni ko tsakar gida ba ta iya fitowa. Na ce, "Haba Gwaggo! Me ya hana ki gaya mini?" Ta yi murmushi ta ce, "Ke kuwa, ana faɗin ciwo a gaisuwa ne?"

Nan jikina ya yi sanyi. Ashe Bahaushe ko yana kwance "lafiya lau" zai ce miki. Kunya da kara ba sa barin tsoho ya yi ƙorafi, sai dai ido ya gane wa kansa. Waya tana kai abin da mutum ya ga damar faɗa ne kawai, ziyara ke tono wanda ya haɗiye.

Ban ce waya ba ta da rana ba. Mata nawa ne ke sayar da atamfa da turaren wuta daga cikin ɗakinsu ta dalilinta? Kuma wadda 'yarta ke aure a Legas, ai jin murya rahama ce. Illar ita ce ta sa ki ji kamar kin sauke nauyi, alhali yana nan a wuyanki.

Don haka 'yar'uwa, ki tambayi kanki: wa nake gaisarwa kullum amma na manta rabon da in ga fuskarsa? In mota za ta kai ki, nemi izini ki je, ko da sabulu ɗaya ne a hannunki.

Allah Ya ba mu ikon sada zumunci, amin.