Ko Ya Kamata Mai Bin Almasihu Ya Ajiye Bindiga?

Ya ɗan'uwana, kai da ka shigo hanyar Ubangiji Yesu kwanan nan, ko kuwa kana tsaye a bakin ƙofa tukuna kana bincike, akwai wata tambaya wadda ba za ka daɗe ba sai ta iske ka, ko a zaure, ko a kasuwa, ko daga bakin matarka da dare: shin ya kamata mutumin da ya ce shi na Almasihu ne ya sayi bindiga ya ajiye a ɗakinsa? Ƙasarmu ta Gwiwa iyakarta ɗaya da jihar Katsina, kuma daga Korayel har Buntusu babu wanda bai ji abin da ya sami mutanen Batsari da Jibiya da Faskari ba: an kore shanu, an ƙone rumbuna, an kwashi mata da yara zuwa daji sai an biya fansa. Hausawa sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Domin wannan ba mu raina wanda ya yi tambayar, gama tsoro ne da ƙaunar iyali suka sa shi yinta.

Manyan ƙasa ma bakinsu bai zo ɗaya ba. A shekarar 2021 Aminu Bello Masari, gwamnan Katsina na lokacin, ya ce wa mutanen da 'yan bindiga suka dama su nemi makamai su kāre kansu. A watan Yuni na 2022 gwamnatin Zamfara, a zamanin Bello Matawalle, ta faɗi haka, har ta ce a ba waɗanda suka cancanta lasisi. Nan da nan Janar Lucky Irabor, wanda shi ne babban hafsan tsaro a lokacin, ya amsa cewa gwamna ba shi da ikon ba da wannan umurni. To, idan masu mulki sun saɓa haka, ina talaka zai sa kansa? Mai bi kuwa yana da wani Sarki bisa dukan sarakuna, wanda dole ya nemi nufinsa kafin ya miƙa hannu.

Ka fara sanin abin da doka ta ce, gama da yawa suna gardama a kanta ba su san ta ba. Dokar makamai ta Nijeriya tun 1959 take, ta kuwa raba bindigogi kashi uku. Bindigogin yaƙi, irin masu aman harsashi a jere, haramtattu ne ga kowa sai da izinin Shugaban Ƙasa, wanda aka kama da su kuwa ɗaurin shekara 10 ke jiransa. Bindigar farauta ta Turawa sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ake kuma kiranta harba-ka-ruga, maganarta tana hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin ido, ko mashayi, ko wanda shari'a ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce. Ba mu ce maka kowace dokar makamai daga ƙauna ta fito ba. Tun 1890 sarakunan Turai suka ƙulla alkawari a birnin Burasal su hana shigo da bindigogin zamani cikin yawancin ƙasashen baƙar fata, suka bar musu ta toka. Shekara 13 bayan wannan, a 1903, da igwa da bindiga mai ruwa aka ci Kano. Amma ko da dalilin mai kafa doka ya gauraya da son kai, wannan bai mai da kowane mutum alƙalin kansa ba.

Yanzu sai mu duba Littafi Mai Tsarki. Kisan kai na fari a duniya, sa'ad da Kayinu ya tasar wa ƙanensa Habila a saura, an yi shi tun ba a ƙera bindiga ba. Ashe mugunta daga zuciya take fitowa, ƙarfe ba shi da zunubi. Maharbin da ke bin duwatsun Roni da Kazaure domin ya sami abin miya, ko ya kori birai daga gonarsa, bai yi wa Allah laifi ba, muddin yana da izini. Amma kada ka tsaya nan, kamar yadda waɗansu ke tsayawa suna murna. Mutum biyu in sun yi faɗa a kan iyakar gona, ɗaya da sanda a hannu, sau da yawa akan tashi da rotse, gobe a zauna gaban dagaci a sasanta, jibi su haɗu a wurin suna. In bindiga ce a hannunsa, babu goben. An ce magana zarar bunu ce. Harsashi ya fi ta. Tsakanin fushi da kabari bindiga ba ta bar wa mutum lokacin tuba ba, zuciyar ɗan Adam kuwa ka san yadda take, gama taka ma irinta ce.

Masu son bindiga sukan kawo Luka sura 22, inda Ubangiji ya yi wa almajiransa zancen sayen takobi a daren da aka bashe shi, suka nuna masa guda biyu. Masu ƙinta sukan kawo Matta sura 26, inda ya tsauta wa wanda ya zare takobin. Dare ɗaya ne, takobi ɗaya ne. Ubangiji ya san Bitrus yana rataye da shi, bai ƙwace ba. Amma da Bitrus ya sare kunnen Malkus, bawan babban firist, sai ya umurce shi ya mai da shi kube, ya kuma taɓa kunnen ya warkar. Daga nan muka koyi abu guda wanda babu shakka a cikinsa: ba a tsaron sunan Almasihu da makami. In an zage ka domin ka zama Kirista, in danginka sun hana ka gado, in an kore ka daga gida, bindiga ba ta da aiki a nan ko kaɗan. Manzanni sun sha duka da kurkuku, ba mu karanta inda ɗayansu ya rama ba.

Ɓarawon dare fa, wanda bai zo domin addininka ba, ya zo domin shanunka da 'yarka? Attaura ta yi magana a kansa cikin Fitowa sura 22. In aka iske ɓarawo yana fasa gida da dare, aka buge shi ya mutu, ba a neman jininsa a hannun mai gida. Amma in rana ta riga ta fito, akwai alhakin jini. Ka lura da hikimar wannan. Da dare ba ka ganin abin da ke hannunsa, babu mai jin kururuwarka da sauri, ranka da na iyalinka suna cikin hatsari. Da rana kuwa ana iya gane shi, a kama shi, a kai shi gaban shari'a. Watau Allah ya yarda mutum ya tsare rai sa'ad da babu wata hanya, bai kuwa yarda ya zama mai yanke hukunci ba, ko da a kan ɓarawo ne. Manzo Bulus ya jera abu biyun kusa da juna cikin wasiƙarsa zuwa ga Romawa: a sura 12 ya hana masu bi ɗaukar fansa, gama wannan na Allah ne, a sura 13 ya nuna takobin horo a hannun mahukunta aka sa shi.

A faɗa da baki, tsaro dabam, ramuwa dabam, kowa ya yarda. A aikace kuwa tsakaninsu bai fi taki ɗaya ba, har mutumin kirki yakan ƙetare bai sani ba. Ka karanta labarin Dawuda da Nabal cikin littafin Sama'ila na fari, sura 25. Dawuda da mutanensa suna zaune a jeji, suka zama kamar garu ga makiyayan Nabal dare da rana, ko ɗan rago bai ɓace ba. Aikin kirki ne, babu wanda ya sa su. Da lokacin sausayar tumaki ya yi, Dawuda ya aika a roƙa masa ɗan abinci, Nabal ya sallami manzannin da baƙar magana. Nan take Dawuda ya ce kowa ya rataya takobinsa, mutum wajen 400 suka bi shi, ya rantse kafin gari ya waye ba zai bar namiji ko ɗaya da rai a gidan Nabal ba. Duba fa: takuban da jiya suka tsare makiyayan nan, su ne yau za su yanka su, ba domin sun yi laifi ba, sai domin maigidansu ya yi zagi. Wannan kuwa Dawuda ne, shafaffe na Allah. Abin da ya cece shi mace ce, Abigel matar Nabal, wadda ta tare shi a hanya da gurasa da nama, ta tuna masa ranar da zai hau gadon sarauta da jinin banza a wuyansa. Dawuda ya saurara, ya yi godiya ga Allah da ya aiko ta. Ba kowane mai makami ke gamuwa da Abigel a hanya ba, ba kowa ne kuma yake saurara ba in ya gamu da ita.

Abin da ya faru a Zamfara da yammacin Katsina ke nan. 'Yan sa-kai sun tashi domin ɓarayin shanu sun dami mutane, da yawansu kuwa da zuciya ɗaya suka tashi, waɗansu har sun ba da ransu domin garuruwansu. Amma da aka fara kama mutum a kasuwa a kashe shi ba shari'a, domin an ce ya yi kama da ɓarawo ko domin yarensa, sai dangin wanda aka kashe suka shiga daji suka sayi bindigogin da suka fi na toka, suka komo wa ƙauyuka. Ramuwar gayya ta fi gayya zafi, har aka kai inda ba mai iya faɗin wanda ya fara. Tsoro irin wannan ba ya tambayar asali. A watan Maris na 2025 aka tare mafarauta 'yan arewa a garin Uromi na jihar Edo suna kan hanyar komawa Kano domin salla. Da aka ga bindigogin toka a motarsu sai aka ce masu satar mutane ne, taron jama'a ya kashe 16 daga cikinsu. Waɗanda suka tare su, su ma 'yan sintiri ne masu cewa suna tsaron garinsu.

Watakila za ka ce, "Duk na ji, amma hukumar da kuke cewa a bar mata takobi ba ta zuwa sai an gama binne gawa." Wannan magana tana da nauyi, sau da yawa kuma gaskiya ce, mahukuntan da suka bar talakawa a hannun azzalumai kuwa za su ba da lissafi gaban Allah. Ba mu ce ka naɗe hannu a yanka 'ya'yanka ba. Nehemiya, sa'ad da yake gina garun Urushalima magabta suna barazana, ya sa rabin mutanensa aiki, rabi suna riƙe da māsu, magina ma kowa da takobi a ɗamara. Amma Nehemiya mai mulki ne da takardun sarki a hannunsa. Mai busa ƙaho yana tsaye kusa da shi, ba mai motsi sai an busa. Ba mu kuma ji sun fita sun kai wa kowa hari ba. In tsaro ya zama dole a garinku, a yi shi haka: da sanin mai unguwa da dagaci da hakimi da 'yan sanda, Musulmi da Kirista tare, Bahaushe da Bafillace tare, sunan kowa a rubuce, wanda aka kama kuwa a miƙa shi da ransa. Jihar Katsina ta bi wannan hanya a 2023, sa'ad da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya kafa rundunar tsaron al'umma ƙarƙashin doka. Abin da ba shi da kyau ga mai bi shi ne bindigar ɓoye, wadda aka saya a duhu daga hannun masu fasa-ƙwauri, gama kuɗinka ya shiga aljihun wanda ke sayar wa 'yan daji, kai kuma ka zama mai ƙarya duk ranar da aka tambaye ka.

Samari masu karatun waya sukan ce a Amurka riƙon bindiga haƙƙi ne na ɗan ƙasa. Haka ne, tun 1791 aka rubuta shi cikin tsarin mulkinsu. Sai dai a 2021 mutum fiye da 48,000 suka mutu da harbi a ƙasar, fiye da rabinsu kuwa su suka harbe kansu. Mai bi ba ya tsayawa a kan abin da yake da iko ya yi. Yakan tambaya ko zai amfani maƙwabcinsa, da yaron da ke wasa a ɗakin da aka jingine ta.

Saura abu ɗaya, wanda ya shafi ku da kuka fito daga gidajen maharba. A ƙasarmu bindiga ba ta cika tafiya ita kaɗai ba. Takan zo da guru da kambu da laya, da maganin bindiga wanda aka ce yana mai da harsashi ruwa, da yankan da ake yi wa iskoki kafin a shiga daji. Wanda ya ba da gaskiya ga Almasihu ya rabu da waɗannan duka, ko da a ce za a bar masa bindigar. Kaburbura da yawa na waɗanda suka tsaya a gwada musu maganin ne. In ka gāji bindiga daga mahaifinka, kada ka yanke shawara kai kaɗai. Ka tafi wurin dattawan ikkilisiya ka gaya musu, ka kawo layun a ƙone a gabansu. Su kuma za su tambaye ka ko kana da izini, ko kana shan burkutu har yanzu, ko akwai wanda kuke gaba da shi a kan gona ko a kan mace. In akwai, ka ba wani amintacce ajiyarta, albarushin kuma a wani gida dabam, har ran da kai da abokin gabarka kuka ci tuwo a akushi ɗaya.