Bakin Habu

Habu ya zo Kantin Kwari daga wani ƙauye na ƙasar Rano yana ɗan shekara 19, ba shi da jari sai bakinsa. Kawunsa ne ya danƙa shi ga Alhaji Bello, wani Bafulatani mai shagon atamfa da leshi, ya ce a koya masa kasuwa. Aikinsa na farko shi ne ɗaukar dila da ninke turamen da masu saye suka warware suka tafi suka bari. Hannunsa na ninki, kunnensa na waje, wajen samarin da ke tsayawa bakin layi suna tare mata. "Hajiyata, shigo ki gani." "Antina, kallo ai kyauta ne." "Momi, yau ke za ki buɗe mini kasuwa." Kafin a yi nisa ya haddace nasu duka, ya ƙara da nasa: sarauniya, ta gidana, amarya, 'yar lele.

A lokacin kasuwa ba ta da daɗi. Ambaliyar damunar 2022 ta shiga shagunan Kwari ta jiƙa dilolin mutane, na Alhaji ma ba su tsira ba. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga canjin kuɗi a farkon 2023, takardar naira ta yi wuyar gani, ciniki ya koma a tura kuɗi ta waya a zauna ana jiran saƙo ya shigo. A irin wannan hali, yaron da zai sa mace ta tsaya ta yi dariya har ta ɗaga turmi ta duba ba abin kora ba ne. Alhaji yana jin kalaman Habu, wasu ba sa yi masa daɗi, amma ya ga kaya na fita, sai ya kama bakinsa.

Kuma a faɗi gaskiya, mata da yawa suna jin daɗin abin. In 'yan haɗa lefe suka zo su biyar ko shida, ya ce da babbar "uwar ango", ya ce da ƙaramar "amaryar baɗi", sai shago ya kaure da shewa, a ƙara turmi biyu a kan lissafi. Akwai wata tsohuwa mai sarin atamfa tana kai wa ƙauye, da ya fara ce mata Inna sai da ta tsaya ta dube shi da kyau, ta sa masa albarka. Daga nan duk zuwanta sai ta kawo masa ƙuli-ƙuli a ƙulle a leda.

Abin da ya ƙara ɗaure masa gindi shi ne zuwan Hajja, wata dattijuwa Babarbariya da ke sarin leshi tana kaiwa Maiduguri. Tun daga bakin ƙofa ta ɗaga murya: "Ina bawan nan nawa?"

Alhaji, wanda Habu bai taɓa jin ya yi wa wata mace wasa ba, ya miƙe yana dariya ya ce, "Ga baiwata ta zo gaida ubangidanta. A ba ta tabarma a ƙasa."

Ta juyo ta ga Habu. "Wannan ne sabon angona? Dubi wuyansa. Ba ka ba shi tuwo, sai nono kawai irin naku?"

Habu ya yini yana murmushi. Ga matar da ba ta taɓa ganinsa ba ta kira shi ango, ga Alhaji da furfurarsa ya kira matar mutane baiwa, kuma ba wanda ya ɓata rai. Ya yanke a ransa cewa a kasuwa kowa na kowa ne. Abin da bai lura da shi ba, wasan Fulani da Barebari ya girmi Alhaji, ya girmi Hajja, gadonsa suka yi, kowannensu ya san iyakarsa tun yana yaro. Haka tsohuwa in ta ce da sa'an jikanta miji, duk mai ji ya san wasan kaka da jika ne, tazarar shekaru ta riga ta wanke maganar. Habu ya ɗauki kalmomin ya bar abin da ke riƙe da su.

Wata Laraba da hantsi mata biyu suka shigo. Babbar ce ke magana. Ƙaramar ba za ta wuce shekara 25 ba, tana sanye da hijabi ruwan toka, ba kwalli a idonta, ba lalle a hannunta. Ta sa hannu kan wata atamfa mai duhu tana shafawa. Habu ya zaro wata mai ja da ruwan ɗorawa ya warware ta a gabanta.

"Haba amarya, bar wannan ta tsofaffi. Ga irin taki. Wallahi in kika ɗaura wannan, yau ango ba zai fita ko masallaci ba."

Hannunta ya tsaya. Ba ta dube shi ba, ba ta ce komai ba. Ta gyara hijabinta ta fita, ta tsaya can bakin layi ta ba shagon baya. Babbar ta ajiye leshin da ke hannunta a hankali.

"Malam, shekaranjiya ta fita takaba. Wata 4 da kwana 10 tana ɗaki. Yau ce ranar farko da na lallashe ta ta fito ta zaɓi abin da za a ɗinka mata."

Habu ya ce, "Wallahi Anti ban sani ba."

"Ni ba antinka ba ce," in ji ta. Ta bi ƙanwarta.

Alhaji yana zaune bayan teburinsa, duk a kunnensa. Bai yi faɗa ba. Sai bayan la'asar, da mutane suka ragu, ya ce, "Habu, ka ce ba ka sani ba."

"Wallahi Alhaji ban sani ba."

"Na yarda. To da ba ka sani ba, me ya kai ka ɗakinta?"

Habu ya ce shi bai je ɗakin kowa ba. Alhaji ya ce duk wanda ya ambaci ango ga matar da bai sani ba ya ɗaga labulen ɗakinta ne ba sallama. Ya ƙara da cewa shi ma yana da nasa kason, tunda ya daɗe yana ji yana shiru saboda ciniki. Daga nan ya koma kan littafin bashinsa.

Maganar ta shiga Habu, amma ta shiga ta karkace. Washegari ya ɗinke bakinsa. Kowace mace ta zama "baiwar Allah", kowane namiji "Malam". Ba dariya, ba tsokana, farashi kawai. 'Yan lefe suka zo suka ga shago kamar gidan makoki suka wuce gaba. Ran nan sai ga tsohuwar nan mai ƙuli-ƙuli. Ya ce, "Sannu da zuwa, baiwar Allah. Wanne za a kawo?"

Ta tsaya da ledarta a hannu. "Yau kuma ni ce baiwar Allah? Me na yi maka, ɗan nan?"

Ya ce ba ta yi komai ba. Ta zauna kan benci, ta ce ɗanta ɗaya namiji, ya tafi neman kuɗi Libiya ta hanyar Agadas shekaru da dama, tun ana samun waya har aka daina. Ta ce akwai shagunan da suka fi na Alhaji sauƙi, ta san su sarai, tana wuce su ne don a nan akwai mai ce mata Inna. Ta ajiye ƙuli-ƙulin a kan teburi ta ce a auno mata abin da ta saba.

Habu ya rasa inda zai sa kansa. Da yamma ya ce, "Alhaji, na yi magana na yi laifi, na yi shiru na yi laifi. To yaya ake yi?"

Alhaji ya ce gobe kada ya taɓa kaya, ya zauna kusa da shi ya saurara kawai. Habu ya zauna. Ya ga Alhaji ba ya fara kiran kowa da komai sai sallama da gaisuwa: an zo lafiya, ya hanya, ya gida. Yana gaisuwar yana sauraron yadda 'yan rakiya ke kiran mai sayen. In sun ce Hajiya, ya ce Hajiya. In sun ce Maman wane, ya bi su. Wata malamar makaranta ta zo ita kaɗai, ya ce mata Malama har ta tafi. Wata 'yar Damagaram da ta zo da sefa ta ce masa Baba, sai a nan ya ce mata 'yata, ya kuma rage mata kuɗi. Ba ya riga mutum shiga zumunci, amma in an miƙo masa ba ya mayarwa. Habu ya tuna cewa matar Alhaji ko sunan ɗanta na fari ba ta faɗa saboda kunya, mijinta kuwa shekara da shekaru ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba. Mutanen da suke auna kira haka a cikin gidansu, shi ne yake raba musu "ta gidana" a titi.

Alhaji ya san dangin matan nan biyu, don mijin babbar yana da shago a wani layin. Ya ɗauko atamfar nan mai duhu, turmi guda yadi 6, ya sa a leda ya ba Habu, ya kwatanta masa gida a Fagge. Ya ce kada ya nemi ganin ƙaramar. Ya yi sallama a zaure, ya yi wa mazan gidan ta'aziyya, ya ba da haƙuri, ya ajiye ya taho.

Haka ya yi. Wanta ne ya fito, ya saurare shi har ya gama, ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya shiga da ledar. Jim kaɗan ya dawo da kuɗi a hannu. Ya ce ta ce ta haƙura, atamfar kuma tana so, amma ba za ta karɓi kyauta daga wanda ba ta sani ba. Habu ya yi ta roƙo, mutumin ya ce umarnin da aka ba shi ke nan. Ya komo da kuɗin yana jin kamar an mare shi. Alhaji ya ƙirga, ya rubuta a littafi, ya ce ta yi daidai.

Inna ta ci gaba da zama Inna. Hajja in ta zo tana neman angonta, Habu ya ce ya sake ta tun da ba ta iya fura ba, ta bi shi da carbi. 'Yan lefe suka dawo, don ya gane cewa ayarin da ya shigo yana guɗa shi ya kawo wasan da kansa. Sauran mata kuwa sai ya gaishe su ya jira.

Ana saura mako biyu ƙaramar salla, kasuwa ta cika har ba wurin sa ƙafa, sai ga matar nan da ta fita takaba ta shigo riƙe da hannun wani yaro ɗan shekara 4. Habu ya gane ta. Ya yi mata sannu da zuwa, ya tambayi gida, ya yi shiru. Ta ce yadin yara take so, na kaftani. Ya sauko da kala uku. Yaron ya cafke shuɗi ya ƙi saki.

"Khalifa, sakar masa kaya," in ji ta.

Habu ya ce, "A bar shi, Maman Khalifa, ya riga ya zaɓa."

Ta tambayi kuɗi, ya faɗa. Ta ce ya yi tsada, a layin baya ta ga irinsa ƙasa da haka. Ya ce ba irinsa ba ne, ta taɓa ta ji. Ta taɓa, ta taya, ya ce albarka. Ta kama hannun yaron za ta fita, ya ce ta dawo ta ƙara ɗari biyar. Ta ƙara ɗari biyu. Habu ya waiwayi Alhaji, Alhaji ya ce a yanka mata.