Tafin Kofato da Iyakar Mallaka: Haƙƙin Doki a Kan Mai Shi

Tambayar ko mallakar dabba tana ba mutum ikon yin duk abin da ya ga dama da ita tsohuwar tambaya ce a fiƙihun Musulunci da kuma a falsafa, amma galibi akan tattauna ta ne a kan zaluncin da ido yake gani, kamar duka da barin dabba da yunwa da ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta, alhali kuwa akwai cutarwar da ba ta fitowa fili, wadda ita ce ta fi auna gaskiyar riƙon amana. Rashin kaurin tafin kofaton doki yana cikin irin wannan cutarwa, domin doki yana iya kasancewa da ƙiba da sheƙin gashi da tsayin wuya, kowa yana yaba shi, amma kowane taku da zai yi a kan tsakuwa azaba ne a gare shi, kuma babu wanda zai sani sai wanda ya durƙusa ya ɗaga ƙafar ya duba.

Kofato akwati ne na ƙaho wanda ya lulluɓe ƙashin ƙarshe na ƙafar doki, kuma an gina shi da keratin, wato sinadarin da ake samu a farce da gashi. Yana da bango, wanda shi ne zagayen da ake gani idan doki yana tsaye, da wani sashe mai taushi mai siffar kan mashi daga wajen dunduniya wanda yake rage ƙarfin dira, sannan da tafi, wato shimfiɗar da ke fuskantar ƙasa tsakanin waɗannan biyun. A bisa tafin nan akwai nama mai rai cike da jijiyoyin jini da na ji, wanda shi ne yake haifar da sabon ƙaho, a bisansa kuma ƙashi. Likitocin dabbobi, idan sun ɗauki hoton ƙashi, sukan ɗauki kaurin da ya kai wajen milimita 15 a matsayin wadatacce ga matsakaicin doki, wanda ya gaza milimita 10 kuwa sukan lissafa shi cikin marasa kauri. Idan aka tuna cewa ƙafafun gaba suna ɗauke da kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin doki, za a gane cewa tazarar da ke tsakanin lafiya da azaba ba ta wuce ’yan milimitoci ba. Alamomin ba su ɓuya ga mai lura: doki yakan gajarta taku, ya riƙa ɗari-ɗari da tsakuwa da marmara, ya karkata zuwa gefen hanya inda rairayi yake, kuma idan aka danna tafin da babban yatsa sai a ji yana lotsawa, idan aka matsa shi da awartaki sai dokin ya fizge ƙafa. In aka ci gaba da hawansa a haka jini yakan taru a ciki, daga nan mugunya ta biyo baya, sai ɗingishi ya bayyana.

Dalilan wannan matsala iri biyu ne, kuma rabewar tana da muhimmanci ga hukuncin da zai biyo baya. Akwai wanda ba hannun mutum a ciki, wato gado, domin wasu jinsunan, musamman dawakin tsere na Ingila, an san su da shimfiɗaɗɗen tafi marar kauri. Sauran dalilan kuwa kusan dukkansu aikin mutum ne. Mai gyaran kofato yakan fere tafin da wuƙa don ya fito fes, ya cire abin da dokin ya yi watanni yana ginawa. Tsayuwa a turke cikin taɓo da fitsari da kashi, musamman da damina, tana jiƙa ƙahon har ya yi laushi ya riƙa cinyewa da wuri. Yawan sukuwa a kan kwalta ba takalmi yana goge kofato fiye da yadda yake tsirowa. Barin gaban kofato ya yi tsawo dunduniya ta kwanta yana karkatar da nauyi ya danne jijiyoyin da ke ciyar da tafin. Sannan akwai laminaitis, wato kumburin siraran ganyayyakin naman da ke manne bango da ƙashi, wanda cika wa doki ciki da hatsi kamar dawa da gero yana daga manyan abubuwan da ke jawo shi, kuma idan ya yi tsanani ƙashin yakan sunkuyo ya danne tafin daga ciki.

Gyaran yana da sauƙin faɗi amma yana da wuyar jurewa. A ɗauke wuƙa daga tafin, a daidaita bango kawai bayan kowane mako 4 zuwa 8, a share turke ya zama busasshe, a kare ƙafar da takalmi mai shimfiɗa ko takalmin roba, a rage hatsi a yawaita ciyawa da harawa, a tabbatar abincin yana ɗauke da furotin da zinki da tagulla, a riƙa jan dokin yana takawa a ƙasa mai taushi don jini ya zagaya. Biyotin, wanda nau’i ne na bitamin B, yana taimakawa wajen ingancin ƙaho, amma binciken da aka yi a kan dawakin Lifizana na birnin Biyana a Ostiriya, wanda aka buga a 1995, ya nuna cewa ko da ana ba da miligiram 20 kowace rana, sai bayan watanni masu yawa ake ganin canji. Magungunan shafawa irin su aidin suna taurara fuskar tafin ne kawai, ba sa ƙara masa kauri. Bangon kofato yana tsirowa da milimita 6 zuwa 10 a wata, don haka sabuntuwarsa gaba ɗaya tana cin wata 9 zuwa 12, kuma babu kuɗi ko sarauta da za su gajarta wannan wa’adi.

A nan ne tambayar ta koma ta addini. Alƙur’ani, a aya ta 8 ta Suratun Nahli, ya ambaci dawaki da alfadarai da jakuna a matsayin abin hawa da abin ado ga mutum, kuma daga irin wannan aya malamai suka fitar da ma’anar horewa, wato cewa Allah ya sanya dabba ƙarƙashin amfanin ɗan Adam. Sai dai aya ta 38 ta Suratul An’am ta bayyana dabbobi a matsayin al’ummomi kamar mutane, Suratul Adiyat kuma ta buɗe da rantsuwa da dawaki masu gudu waɗanda kofatansu ke ƙyasta wuta, wanda hakan ya nuna cewa darajarsu ba daga farashinsu a kasuwa ta samo asali ba. Hadisai sun ƙara fayyace iyakar: Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, sun kuma ruwaito cewa doki yana zama lada ga wani, sutura ga wani, zunubi ga wanda ya ɗaure shi don alfahari da riya, Abu Dawuda kuma ya ruwaito yadda Annabi (SAW) ya tsawata wa mai raƙumin da yake barinsa da yunwa yana gajiyar da shi. Abin da ake fahimta daga haɗuwar waɗannan nassoshi shi ne mutum ya mallaki amfanin dabba ne bisa sharaɗi, ainihin mallakar kuwa ta Mahalicci ce, kuma wanda aka ba ajiya ba shi da ikon lalata ta.

Malaman fiƙihu sun mayar da wannan fahimta hukunci. Muhtasar na Halil, wanda shi ne madogarar alƙalai da malaman Malikiyya a ƙasar Hausa, ya wajabta wa mutum ciyar da dabbarsa idan babu makiyaya, ya kuma nuna cewa ana tilasta sayarwa idan mai ita ya ƙi. Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya sanya cikin aikin muhtasibi, wato jami’in da ke hana munkari a kasuwa da hanya, ya hana masu dabbobi sa su aikin da ba za su iya jurewa ba. Izzuddin ɗan Abdussalam, wanda ya rasu a 1262, ya jera haƙƙoƙin dabba a littafinsa Ƙawa’idul Ahkam, ciki har da ciyar da ita ko da ta tsufa ko ta yi ciwon da ya hana a amfana da ita, da kyautata makwancinta. Ma’aunin da suka yi amfani da shi shi ne iyawar dabbar, kuma iyawa ba a auna ta da girman jiki, domin ingarman da tafinsa bai kai milimita 10 ba bai iya sukuwa a kwalta, ko da ƙaimi da linzami za su iya tilasta shi ya yi. Akwai kuma ƙa’idar usulu da ke cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Idan hana cutarwa wajibi ne, kuma ba a gane cutarwar sai an ɗaga ƙafa an duba, to dubawar da neman sanin abin da ake dubawa sun shiga cikin wajibi, jahilcin da mutum ya zaɓa wa kansa kuwa ba ya zama uzuri.

Falsafa ta tunkari batun ta fuskar shirun dabba. Rene Dekat na Faransa, a ƙarni na 17, ya ɗauki rashin magana a matsayin hujjar cewa dabba inji ce marar hankali, Jeremi Bentam na Ingila kuwa, a 1789, ya mayar da ma’aunin kan jin ciwo maimakon magana ko tunani. Tun kafin su, a ƙarni na 10, Ihwanus Safa na Basara sun rubuta risalar da dabbobi suka kai ƙarar ɗan Adam gaban sarkin aljannu, wadda manufarta ita ce a ba wa marar baki baki. Halittar doki tana ƙarfafa ɓangaren Bentam, domin dabba ce da asalinta abin farauta ce a dawa, irin waɗannan dabbobi kuma sukan ɓoye rauni, shi ya sa doki ba ya ihu idan ƙafa tana masa ciwo. Duk wanda aka taɓa yanke wa farce har ya taɓo nama ya san irin wannan zafi, sai dai shi ba a kan farcen yake ɗora nauyin jikinsa ba. Saboda haka shirun doki ƙari ne ga nauyin da ke kan mai shi, tunda babu wani mai shigar masa da ƙara, kuma wannan ne ainihin ihsani, wato kyautata aiki a inda babu mai gani sai Allah.

Mai ja zai iya cewa hutar da doki na watanni abu ne da mai wadata kaɗai yake iyawa, talakan da dokinsa ke jan amalanke ko yake ba da shi haya kuwa abincin iyalinsa yana rataye a ƙafar. Wannan magana tana da nauyi, kuma shari’a ba ta yi watsi da ita ba, amma larura ana auna ta ne gwargwadonta: tana iya halatta rage kaya da sauya hanya da gajarta zango da ɗaura wa ƙafa kariya, ba ta halatta ci gaba kamar babu abin da ya faru, ballantana ma mafi yawan gyaran, kamar share turke da ɗauke wuƙa da rage hatsi, ba ya cin kuɗi. Hawan ado kuwa ba shi da wannan uzuri. Hawan Sallah da Hawan Daushe a Kano, da makamantansu a Katsina da Zazzau, gado ne mai daraja, amma yawancin hanyoyin da ake bi yanzu kwalta ce, kuma al’adar ɗura wa doki hatsi ana gab da Sallah don ya cika ido tana iya jefa ƙafarsa cikin haɗari a daidai lokacin da za a fi buƙatarta. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma dokin da za a kai jahi da shi a Shawwal, tun watannin baya ya kamata Shamaki da ’yan barga su fara duba ƙafarsa. Wanda ya san dokinsa yana jin ciwo ya yi masa kwalliya ya hau don kada a ce bai fito ba, ya kusanci kashi na uku da hadisin doki ya ambata.

Daga wannan duka, hukuncin da ya fi dacewa shi ne ikon mai doki yana ƙarewa a inda iyawar dokin ta ƙare, iyawar kuma tana bin lokacin da Allah ya tsara wa tsirowar ƙaho, ba lokacin buki ko kasuwa ba. Haƙurin da ake nema a nan aiki ne na kullum, na wanke ƙafa da share barga da auna abinci, kamar yadda tawakkali bai taɓa nufin barin sababi ba. Wanda ya kasa ɗaukar wannan nauyi, fiƙihu ya riga ya nuna masa mafita, wato ya sayar ko ya bayar ga wanda zai iya, domin riƙe dabbar da ba a iya sauke haƙƙinta ba alhaki ne da za a tambayi mutum a kansa ranar hisabi.