Zama Da Mai Ujubu

Jama'a, akwai magidancin da a ganinsa bai taɓa laifi ba. Ko shi ya ɓata, matarsa ce ta jawo. Imamu Gazali ya bayyana cikin Ihya'u cewa girman kai sai da wanda za a raina, amma ujubu ko mutum shi kaɗai yana yinsa. Gardama ba ta warkar da shi, yabo kuwa ƙara masa ciwo yake yi.

A Kazaure ko Roni, in matar irin wannan ta yi yaji, iyaye kan ce ta yi haƙuri ta koma, ba a tambayi mijin komai ba. Alhali aya ta 35 cikin Suratun Nisa'i ta umarci a naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa, ɗaya daga nata.